Maigida ba mai ɗaki kaɗai ba ne



An kafa unguwarmu ta Sabo a Ibadan a 1916, jim kaɗan bayan yunwar Kakalaba da ta addabi ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914. Fataucin goro da shanu ne ya zaunar da kakanninmu a nan, amma ba kowa ne riba ta kawo ba. Wasu rashin ruwan sama ne ya koro su.

Dattawa suna tuna farin 1972 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa daga Sakkwato har Barno. A 1984 abin ya sake dawowa, har 'yan'uwanmu na Nijar suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari, don ta zo daidai da rufe iyaka. Mutum ya taso da garke, ya iso kurmi da sanda kawai. Irin wannan asara ba aljihu kaɗai take taɓawa ba, har zuciya.

To me ya riƙe su? Tsarin maigida. Baƙo ya sauka, maigida ya ba shi masauki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a wurin bashi. Da magariba a zauna wazifa tare, bayan isha'i a yi hira a zaure. Wanda ya yi shiru kwana biyu, sai an tambaye shi lafiya.

Likitoci ma sun gane haka. A 1954 Dakta Adeoye Lambo na asibitin Aro, kusa da Abeokuta, ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa, ana ba su magani suna cikin mutane.

Yau damina ta rikice. Wata shekara fari, wata ambaliya, kamar ta 2012 da ta 2022. Samari na ta kwararowa, wannan acaba, wancan ga-ruwa, amma ba su da maigida. A bakin shago suke kwana. Akwai wani yaro da ruwa ya cinye gonarsa, kullum yana sahun gaba a masallacinmu. Ya daina zuwa, wallahi sai da aka yi wata guda kafin na lura. Muka same shi ba ya ci, ba ya barci, ya fara shan ƙwaya. Da addu'a da asibiti da zama kusa da shi Allah ya ba shi sauƙi. Amma wata gudan nan har gobe yana damuna.

Don haka, alhazai masu gidaje da shaguna, kowa ya ɗauki baƙo ɗaya ya san sunansa da garinsu da inda yake kwana. In damuwa ta yi masa yawa, a raka shi wurin likita, ba abin kunya ba ne. Haka aka yi wa iyayenmu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.