Yadda makamashin dafa shayi ya koma gubar dodon koɗi

1/ Jama'a ku matso, zaren yau tarihin wata guba ne. A lambunan Turai babban maƙiyin latas da kabeji shi ne dodon koɗi, musamman irin wanda ba ya da ƙoƙo a bayansa. Dare ɗaya ya ishe su su cinye shuka tas.

2/ Maganinsu da ya fara yin suna, metaldehayid, asalinsa makamashi ne. A shekarun 1920 ana sayar da shi a dunƙule da sunan Meta, ba kamfanin su Facebook ba fa 😂, matafiya suna kunna shi su dafa shayi. Sai a shekarun 1930 aka lura yana kashe dodon koɗi, aka fara cakuɗa shi da dusa ana barbaɗawa.

3/ Idan dodon ya ci, yauƙi yake ta zubarwa har ya bushe. Da safe mai lambu ya tarar da gawarwaki birjik. A ganina wannan ne sirrin farin jininsa: ido ya ga aiki.

4/ A shekarun 1960 kamfanin Bayer ya kawo metiyokab, mai taɓa jijiyoyi. Yana kashewa sosai, amma har da tana da tsuntsaye. Tarayyar Turai ta haramta ƙwayoyinsa a 2014.

5/ Shi ma metaldehayid ɗin bai tsira ba. Karnuka suna lasa su kama jijjiga, wasu su mutu; ga haɗari ga bushiya da tsuntsaye. Ruwan sama kuma yana wanke shi zuwa koguna, matatun ruwan sha na shan wuyar cire shi. Birtaniya ta sanar da haramci a 2018, kotu ta soke a 2019, aka sake sanarwa a 2020, sai Afrilun 2022 dokar ta fara aiki.

6/ Wanda ya gaje su shi ne ferik fosfet, gishirin ƙarfe, da ya shigo kasuwa a shekarun 1990. Dodon ya ci ya daina cin abinci, ya shige ƙasa ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ba gawa a fili, shi ya sa wasu ke rantsuwa wai ba ya aiki. Alhali ganyen ya kamata su duba.

7/ Ni da za a ba ni zaɓi, shi zan ɗauka. Amma a karanta jikin kwali: wasu ƙwayoyin ana haɗa su da sinadarin EDTA don ƙara ƙarfi, bincike kuma ya nuna haɗin yana cutar da tana.