Gicciyen Dutse a Ƙauyukan Yammacin Faransa

A ƙuryar yammacin ƙasar Faransa akwai wani lardi mai suna Biretanyi. A da, yawancin mutanensa manoma ne da masunta, mabiya ɗarikar Katolika tun kaka da kakanni. Wanda ya bi hanyoyin karkararsu zai yi ta tarar da gicciyen dutse a mararraba, da bakin maɓuɓɓugar ruwa, da farfajiyar majami'a.

A ƙarni na 16 da na 17 cinikin yadin lilin ya kawo wa ƙauyukan nan arziki, suka shiga gasar gine-gine domin girmama Allah. A ƙauyen Gimiliyo, tsakanin 1581 da 1588, an kafa babban gicciye, aka kewaye gindinsa da siffofi wajen 200 masu nuna rayuwar Ubangiji Yesu da shan azabarsa. A zamanin nan da Latin ake sujada, talakawa kuwa harshen lardinsu suke ji, yawancinsu kuma ba su iya karatu ba. Saboda haka dutsen ya zama littafinsu. Firist yakan tsaya a gabansa yana nuna siffofin ɗaya ɗaya, yana koyar da Bishara.

A da, ƙananan gicciye na bakin hanya su ma suna da nasu aiki. Masu ɗauke da gawa zuwa majami'a sukan tsaya a gabansu su yi addu'a. Kwana uku kafin Idin Hawan Yesu Sama, jama'a sukan zaga gonaki suna roƙon albarkar amfanin gona, suna yada zango a gindin gicciye.

Wani gicciyen kuwa na godiya ne. Annoba ta auka wa Fulugastel a 1598. Waɗanda suka tsira suka gina nasu tsakanin 1602 da 1604, don kada jikoki su manta da jinƙan Allah.

Gicciyen nan sun ga wahala. An farfasa da yawa a lokacin juyin juya halin Faransa, wajen 1793. A 1944, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai suka lalata na Fulugastel, amma aka tattara gutsattsarin, aka gyara shi bayan yaƙi. Waɗanda suka sassaƙa shi sun daɗe da komawa ga Ubangiji, amma labarin da suka danƙa wa dutse yana nan a tsakiyar garin.