Tarihin Tsarin Madogara da Manazarta a Mujallun Injiniyoyi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ya saba da ganin (Bargery 1934) ko (Newman 2000) a tsakiyar maƙala, sannan ya tarar da cikakken bayanin littafin a ƙarshe, an jera bisa tsarin abacada. Idan ya buɗe mujallar injiniyoyin lantarki kuwa, ba zai ga suna ko shekara ba, sai lamba cikin baka mai kusurwa, kamar [1] ko [14]. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda aka zo ga wannan tsari, da kuma abin da ya sa editoci ke tsananta masa har su mayar wa marubuci aikinsa saboda waƙafi ɗaya.

2.0 Daga tushen bayani zuwa lamba

Faɗin inda aka samo magana ya girmi mujalla nesa ba kusa ba, domin duk wanda ya karanta hadisi ya san isnadi. Mujallun kimiyya kuwa sun fara ne a 1665, lokacin da Journal des sçavans ta fito a Paris, Philosophical Transactions kuma a Landan. Marubutan farko ba su da wata ƙa'ida: wani ya ambaci sunan malami kawai, wani ya taƙaita sunan littafi a gefen shafi. Masana tarihi ne suka raya tushen bayani na ƙasan shafi, musamman Pierre Bayle a ƙamusunsa na 1697 da Edward Gibbon a tarihin faɗuwar daular Rum da ya soma fitowa a 1776.

Tsarin suna da shekara, wanda muke bi a nazarin harshe, ana danganta shi ne da Edward Laurens Mark, masanin dabbobi a Jami'ar Harvard, wanda ya yi amfani da shi a 1881 cikin wani aiki kan wata katantanwa marar ɓawo. Wannan ne ya sa ake ce masa salon Harvard, ko da yake jami'ar ba ta taɓa shimfiɗa shi a matsayin dokarta ba.

Injiniyoyi sun daɗe tare da tushen bayani. Alal misali, a shahararriyar maƙalar Claude Shannon ta 1948 kan lissafin sadarwa, a ƙasan shafin farko ne ya ambaci ayyukan Nyquist da Hartley. A lokacin akwai manyan ƙungiyoyi biyu a Amurka, wato AIEE ta injiniyoyin lantarki (1884) da IRE ta injiniyoyin rediyo (1912). Sun haɗe a 1963 suka zama IEEE, kuma salon da ya kafu a mujallunta shi ne na lamba. Aikin da aka fara ambata shi ne [1], mai bi masa [2], kuma kowane aiki yana riƙe da lambarsa ko sau goma aka koma gare shi. A jerin ƙarshe ana fara kawo harufan farko na sunan marubuci kafin sunan iyalinsa, taken maƙala cikin alamar zance, sunan mujalla a taƙaice da karkatattun harufa, sai kundi da fitowa da shafuka da wata da shekara. Ga yadda maƙalar Shannon za ta fito: C. E. Shannon, "A mathematical theory of communication," Bell Syst. Tech. J., vol. 27, no. 3, pp. 379–423, Jul. 1948.

Me ya sa lamba ta karɓu? Shafin irin wannan mujalla an raba shi gida biyu, cike da lissafi da zane, kuma sau da yawa maƙala ɗaya tana da marubuta biyar ko fiye. Jumlar da ta dogara da ayyuka shida za ta cinye layi uku da sunaye, alhali [3]–[8] ta wadatar. Amma a ganina akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. Ga mai nazarin harshe, shekara wani ɓangare ne na hujja: idan an ce Bargery 1934, mun san Hausar wane zamani ake nufi, mun kuma san kunnen wa ya ji ta. Injiniya kuwa dabarar yake nema, wadda zai iya gwadawa da kansa, ko wane ne ya fara kawo ta. Editocin mujallun likitanci da suka taru a Vancouver ta Kanada a 1978 su ma lamba suka zaɓa.

3.0 Lokacin da aka fara ƙidayar madogara

A 1955 Eugene Garfield ya kawo shawara a mujallar Science cewa a tattara manazartan maƙaloli domin a san wa ya ambaci wa. Ya ari dabarar ne daga lauyoyin Amurka, waɗanda tun 1873 suke da kundin Shepard mai nuna ko wata kotu ta tabbatar da wani hukunci ko ta soke shi. Kundinsa, Science Citation Index, ya fito a 1964. Daga nan madogara ta zama abin ƙirga, har jami'o'i suka riƙa duba yawanta wajen ƙarin girma da rabon kuɗin bincike. A nan ne tsananin editoci ya sami dalili, domin idan an kuskure lambar kundi ko shafi, na'ura na iya kasa haɗa madogarar da aikin da ake nufi, sai mai aikin ya yi asarar ladansa.

Sauran tarihin na kwamfuta ne. Manhajar BibTeX ta 1985 ta ɗauke wa marubuci wahalar sake lambobi duk lokacin da ya cusa sabuwar madogara a tsakiya, wanda shi ne babban aibin wannan tsari a zamanin tafireta. Daga shekara ta 2000 ƙungiyar Crossref ta soma bai wa maƙaloli lambar dindindin ta DOI.

4.0 Matsalar suna

Duk waɗannan tsare-tsare sun ɗauka cewa kowane marubuci yana da sunan iyali guda da ba ya sauyawa. Sunan Bahaushe ba haka yake ba: na biyu yana iya zama sunan uba, ko laƙabi, ko gari, kamar Kano a Aminu Kano da Zungur a Sa'adu Zungur. Masanin makamashin rana da aka sa wa jami'ar Yamai sunansa ya buga littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka da sunan Abdou Moumouni, alhali cikakken sunansa ya haɗa da Dioffo. Ke nan wani zai rubuta A. Moumouni, wani A. M. Dioffo, na'ura kuma ta ɗauke su mutum biyu. Haka Ousmane da Usman, ko Ɗ da ta koma D a kundin da bai san harufa masu ƙugiya ba. Lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, an yi ta ne domin raba irin wannan gardama. Duk da haka ina shawartar ɗalibi ya tsayar da siga ɗaya ta sunansa tun daga maƙalarsa ta farko, kuma idan zai ambaci wani, ya kwafi sunan kamar yadda yake a kan aikin da ya karanta.