Daga Harshen Marini Zuwa Hasken da Ido Ba Ya Gani

A ƙarni na 19, fataken goro daga Kano kan ratsa Parakou da Djougou, wadda Hausawa ke kira Zugu, ɗauke da turkuɗi zuwa Gwanja. Marinin da ya rina shi da ido da hanci da harshe yake gane ruwan baba ya nuna. In ya kuskure, zane ya lalace.

A 1800 William Herschel ya gano hasken infirared. Kowane sinadari yana shanye nasa kason hasken, da haka ƙananan na'urorin yau ke tona abin da ke cikin ruwa. A ganina, mai sayen fetur ɗin kwalba a Parakou ya fi kowa buƙatarsu, domin fetur ba ya ɗanɗanuwa.