Wisła Kraków

Wisła Kraków ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke birnin Kraków a kudancin Poland, an kafa ta a 1906. Ana yi mata laƙabi da Farar Tauraruwa, babbar abokiyar hamayyarta kuwa ita ce Cracovia. Ta zama zakarar ƙasa sau 13, takwas daga ciki tsakanin 1999 da 2011, zamanin attajiri Bogusław Cupiał. Bayan ya sayar da ita a 2016 bashi ya yi mata katutu, har ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Tana can ta ɗauki Kofin Poland ranar 2 ga Mayu, 2024, bayan ta doke Pogoń Szczecin da ci 2 da 1.