Yadda Horon Malaman Kimiyya Ya Faro a Nijar, da Abin da Ya Iso Kurfai

Tun da kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, muhawara ta sake tashi kan harshen da ya dace a koya wa yara lissafi da kimiyya da shi. A Filinge da garuruwan Kurfai, inda yaro ke tashi da Hausa a gida, ya ji Zabarmanci da Buzanci a kasuwa, batun ya shafi kowa. Amma akwai tambayar da ta riga wannan: wa ya horar da malamin da zai yi koyarwar, kuma horon wata nawa ya samu?

A zamanin Faransawa wasu daga cikin 'yan tsirarun malaman Nijar kan je Sanagal, makarantar William Ponty, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Kimiyyar lakwal a lokacin ba ta wuce darasin sanin abubuwa ba, wato sunayen sassan tsiro da na jikin dabba, a haddace. A shekarun 1930 aka ƙaro lakwal ɗin karkara masu gona, iyaye kuwa suka ɗauke su aikin tilas da sabon suna. Da aka samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Gwamnatin Diori ta nemi gajeriyar hanya. A 1964 aka fara koyarwa ta talabijin: ƙwararru su shirya darasi a Yamai, matashi mai ɗan karatu ya tsaya da yara a aji. A wannan shekarar ce kuma Abdu Mumuni, masanin fiziya ɗan asalin Tasawa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Jami'ar Yamai, wadda yau take ɗauke da sunansa, ta tsaya da ƙafarta a 1973, kuma babbar makarantar horon malamai ta cikinta ce ke yaye masu koyarwa a kwaleji. Malaman firamare kuwa suna fitowa daga makarantun horo irin su Askiya Muhammad ta Damagaram, Kawsan ta Tawa, Mali Bero ta Doso, Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi da Tanimun ta Tilaberi. A 1973 ɗin ne aka buɗe ajin gwaji na farko da Hausa a Damagaram.

A ganina, inda aka yi asarar ita ce ƙarshen shekarun 1990. Baitulmali ya bushe, masu ba da lamuni suka matsa a rage kuɗin albashi, yara kuma suna ta ƙaruwa. Sai aka fara ɗaukar 'yan sa kai, daga baya malaman kwantiragi, da yawansu da takardar BEPC kawai da horon makonni kaɗan, wasu ma ba horon. Shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003 ya cika ƙauyuka da azuzuwan zana, kuma wannan ci gaba ne na gaske, amma malamin da bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba, abin da zai iya shi ne ya rubuta a allo yara su kwafa. Jarrabawar da aka yi wa malaman kwantiragi a 2017 ta tona asirin: kusan ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki.

Wasu na cewa rashin ɗakin gwaje-gwaje ne matsalar. Shirin SMASSE, da aka fara da tallafin Japan a 2006 a jihohin Yamai, Doso da Tilaberi, ya nuna cewa malamin kwaleji da aka horar yana iya gwaji da gwangwani, kwalba da batir. Kurfai ma ba ta rasa abin nunawa ba. Ga tashar Tukunus a arewacin Filinge, inda tun 1954 ake zaɓen irin shanun Azawak, darasin gado da kiwo a fili. Ga rijiyoyin kwarin Dallol Boso masu ruwa kusa, da na tudu masu zurfi, darasin ƙasa da ruwa. Wasu kuma na cewa Faransanci ne ya hana yara fahimta. Suna da gaskiya, sai dai wanda bai gane dalilin husufin wata ba, ba zai bayyana shi da Hausa ba, kamar yadda ya kasa da Faransanci.

Yau ga rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, ya kori gogaggun malamai daga ƙauyuka. Kirana ga hukuma shi ne kada a sake tura kowa aji ba tare da cikakken horo na shekara biyu ba, wanda a cikinsa zai yi gwaji da hannunsa kuma ya koyi bayyana shi da harshen yara. A kuma farfaɗo da tarukan CAPED, inda malaman yanki ke koya wa juna, a ba su kuɗin mota da kayan aiki. In ba a gyara horon malami ba, canjin harshe kaɗai ba zai ba Kurfai likita ko injiniya ba.