Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Yaƙin Kwamfuta da Zafi

A wannan mako mun samu wasiƙu daga Talata Mafara da Bakura da Maradun, duk tambayarsu kusan ɗaya ce. Ɗaya daga cikin masu rubuto mana ɗan kasuwa ne da ya sayar da shinkafar rani, ya saya wa ɗansa kwamfutar wasan gem ya buɗe masa shago. Ya ce da zarar rana ta take sai na'urar ta kama huci, wasan ya riƙa sarƙewa, can sai ta mutu da kanta, yara su karɓi kuɗinsu su watse. Tambayarsa ita ce: jabu aka sayar masa, ko kuwa ƙasarmu ce ba ta karɓe ta ba?

To Alhaji, kwantar da hankalinka. Zafi ba shaidar jabu ba ne, da shi aka haifi kwamfuta. Duk wutar lantarkin da ta sha, a ƙarshe zafi take komawa, kamar dai yadda injin ban-ruwa ke ɗaukar zafi idan ya wuni yana aiki.

A shekarar 1946 aka bayyana wata ƙatuwar kwamfuta mai suna ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Nauyinta ya kusa tan 30, tana da bawul kusan 18,000, irin waɗanda dattawa suka sani cikin rediyon da. Wutar da take sha ta kai kilowat 150, don haka sai da aka girka mata manyan fankoki masu fitar da iskar zafi. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto, wanda bai kai bawul girma ko shan wuta ba. A 1971 kuma kamfanin Intel ya haɗa tiransisto 2,300 a kan ɗan fallen da bai fi farce ba. Wannan shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Sai dai kuma masu ƙira ba su tsaya nan ba. Suka yi ta cusa tiransisto, daga dubbai zuwa miliyoyi, yanzu har biliyoyi, a wuri ɗan mitsitsi. Zafin da a da yake bazuwa cikin ɗaki guda, sai ya taru a wurin da babban yatsa zai rufe. A 1985 babbar kwamfutar Cray-2 sai da aka tsoma kayan cikinta a wani ruwa na musamman da lantarki ba ya bi ta cikinsa. A 2004 Intel da kansa ya soke wata furosesa da yake shirin fitarwa, saboda zafi da shan wuta sun yi yawa, ya koma raba aikin tsakanin ƙwaƙwalwa biyu ko fiye.

Na'urorin wasa ma ba su tsira ba. A 2007 kamfanin Microsoft ya ware sama da dala biliyan 1 don gyaran Xbox 360, domin yawan zafi da hucewa ya sa dalmar da ke riƙe da kayan ciki tana tsagewa. Kun ji fa, wannan a ƙasashe masu sanyi ke nan.

To yaya ake fitar da zafin? A kan furosesa ana shafa wani mai kauri launin toka, a ɗora ƙarfe mai haƙora kamar mataji, fanka kuma ta riƙa hura shi. Yawanci akwai siririn bututu na jan ƙarfe mai ɗan ruwa a ciki. Ruwan ya zama tururi a wurin zafi, ya tafi wurin fanka ya huce, ya komo. Wani masani George Grover ne ya inganta wannan dabara a Amurka a 1963. Amma asalin hikimar ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce ke sanyaya ruwan randa. Da ita ce kuma Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000, da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani.

Manoman da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, sun san cewa in laka ta cike magudana, ruwa ba ya isa gona. Haka zafi yake, hanya yake nema. Mu nan ƙurar hunturu ce ke toshe haƙoran ƙarfen nan, sa'an nan bazara ta zo da zafin da ke wuce digiri 40, ga kwanon rufi a sama. Idan furosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta, wannan shi ne sarƙewar wasa. In abin ya ci gaba sai ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Saboda haka ga shawara. A kashe ta, a zare waya, a hure ƙurar fanka da ta ƙarfen, musamman bayan hunturu. A ɗaga ta bisa tebur, kada a ajiye ta a ƙasa ko kan katifa, a bar tazara tsakaninta da bango. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki, a kuma nisanta ta da janareta. In ta kwana biyu, a kai wa mai gyara ya goge busasshen man ya shafa sabo. A rage ƙarfin hoton wasan da tsakar rana. Ruwa ko ƙanƙara kuwa, ko kusa kada a yi gangancin sa mata. In an yi duk wannan ba ta daina ba, to a duba fankar, mai yiwuwa ta mutu, kuma canza ta bai kai kuɗin sabuwar furosesa ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Da fatan mun gamsar. Sai mun ji daga gare ku, Allah ya ba da kasuwa, ya sa albarka a gona.